Yadda Noboru Ya Gyara Keken Surukinsa

Duk wanda ya ce maka a Koryo ya tashi amma bai san Noboru na gidan Deguchi ba, to ƙarya yake yi, ko kuma kurma ne. Garinmu garin safa ne, kowane lungu ka shiga ƙarar injin saƙa za ka ji, amma muryar Noboru ta fi ta injin nisa. In ka same shi a shagon aski zai gaya maka cewa shi daga titi in ya ji ƙarar keken ɗinki ya san wace kusa ce ta kwance. In a gidan wanka ne, yana jiƙe har wuya cikin ruwan zafi, zai ce har daga ƙasar waje an taɓa bugo waya ana neman shawararsa. Mutane su ce to, su ci gaba da cuɗa bayansu. Kowa ya san aikinsa a gidan Deguchi shi ne loda kwali a mota da sauke kwali daga mota.

Asalinsa ba ɗan gari ba ne. Kujerun tausa yake sayarwa a wani babban kanti a Osaka lokacin da ya haɗu da Harue, 'yar tsoho Sokichi ɗaya tilo. Da yake gidan babu ɗa namiji, sai ya shigo a matsayin surukin gado, ya ajiye sunan gidansu ya ɗauki na matarsa, kamar yadda aka saba. Shekara ashirin da biyu ke nan, kuma a duk tsawon lokacin nan ko sau ɗaya ba a taɓa miƙa masa sukudireba an ce riƙe ba.

Abin alfaharin gidan wani tsohon koren keke ne da ke ɗakin baya, wanda ya girmi Harue. Safa in ta fito daga injin saƙa bakinta a buɗe yake ta wajen yatsu, to wannan keken ne ke rufe shi, ya yanke rarar, ya bar ɗinki lafiyayye wanda ko tsohuwa mai ciwon ƙafa ba za ta ji shi ba. Goggo Tomeko ce ke zama a gabansa tana ba shi safa, tsoho Sokichi kuma shi kaɗai ke taɓa kusoshinsa. Tsohon nan bai bar kowa ba a Koryo wajen zagi. Ya zagi mai kawo zare, ya zagi Tomeko, ya zagi shi kansa keken. Amma Noboru, sai dai ka ji sannu da aiki Malam Noboru, in ba damuwa Malam Noboru a kai kwalin nan tasha. Na waje ya ɗauka girmamawa ce. Noboru ya san ba ita ba ce, don a garinmu baƙo ake yi wa haka, wanda ake son ya koyi aiki shi ake zagi.

Wata safiya suna cin abinci tsoho ya ajiye tsinken cin abincinsa ya ce an sa masa ranar aikin yanar ido. Kwana uku zai yi a asibiti, ya fito ranar takwas ga Disamba, daidai ranar hutun allura, bikin da ake yi wa karyayyun allurai. Ya ce ko an yi aikin idon ba zai koma kamar da ba, ya riga ya daina ganin ɗan tsakanin da ke raba allura da ƙugiyar ƙasa. Saboda haka ya yi magana da wani dillali a Osaka, bayan biki zai zo ya ɗauke keken, a rufe ɗakin ɗinki, a riƙa kai safa waje ana rufewa.

Harue ta ce haba Baba. Tsoho ya kurɓi miyarsa ya ce, "To ya za a yi? Babu kowa."

Noboru na zaune a gabansa, tsakaninsu bai fi kwanon shinkafa biyu ba. Maganar ta yi masa zafi ƙwarai. Wani da ya ji haka sai ya ja jiki ya yi shiru da baƙin cikinsa. Noboru kuwa waya ya ɗauka ya yi odar akwatin kayan aiki mai ƙarafa ɗari da ashirin, da sabuwar rigar makanikai mai sunansa a ƙirji. Ya ƙudura a ransa kafin tsoho ya dawo zai mai da keken nan sabo fil, a ga ko akwai kowa ko babu.

Tasin da ta ɗauki tsoho da Harue ba ta gama shan kwana ba ya faɗa ɗakin baya. Goggo Tomeko ta ɗago ta dube shi ta saman tabarau. 'Yar ƙaramar tsohuwa ce mai shekara sittin da takwas, talatin da biyar daga ciki a kan wannan kujera ta yi su.

"Ƙaramin maigida, ai kwalayen suna can waje."

"Yau ba kwali na zo ba, Goggo. Na ji keken nan yana wani ƙis-ƙis."

"Shekara talatin da biyar yana ƙis-ƙis ɗinsa. Ranar da ya daina ne za mu damu."

Bai saurare ta ba. Ya zagaya keken hannu a baya yana girgiza kai. Ga wata tsohuwar takardar kalanda an ninke an cusa ƙarƙashin ƙafar baya. Ga maƙalin shanya an matse guntun soso da shi a kan hanyar zare. Ga roba an naɗe a wani ɗan hannu. Da ya taɓa wata kusa kusa da allura kuwa sai ya ji tana motsi. Ya yi dariya ya ce yanzu ya gane, ashe keken ba tsufa ya yi ba, rashin kula ne ya yi masa yawa, kuma ba laifin Baba ba ne, mutanen da ba su samu ilimin zamani ba. Ya ce Goggo ta je ta sha shayi na rabin awa. Ta tashi ba don tana so ba, sai don komai lalacewarsa dai maigida ne.

Ta dawo ta tarar da keke yana walƙiya. Takarda, soso, maƙali da roba duk suna kwandon shara, kusoshi kuwa an ɗaure su tamau har jijiyar wuyan Noboru ba ta gama kwanciya ba. Ya ce bismillar aiki, ta zauna ta gani. Ta zauna, ta jera safa, ta taka.

Tas! Allura ta karye.

Noboru ya ce allurar zamani ce, ba ƙarfe a jikinta. Aka sa wata, tas. Ya ce ai daga kwali ɗaya suka fito, 'yan uwan juna ne. Kafin azahar an karya tara, a gidan da bai taɓa karya goma a shekara ba. Duk wadda ta karye sai Tomeko ta sa shi ya durƙusa da mayen ƙarfe ya nemo tsininta, don a gidan safa ba a barin guntun allura ya ɓata. In ya samo, ta karɓa da hannu biyu, ta sa a gwangwani, ta sunkuyar da kai ta ba ta haƙuri. Ban da haka, tun da aka zare takardar kalanda teburin ya fara rawa, in an taka sai ya riƙa matsawa wajen ƙofa kaɗan-kaɗan, Tomeko na bin sa da kujerarta.

Da ƙyar ya samu allura ɗaya ta daure. Sai ɗinkin ya fito a tattare, bakin safa ya tsuke kamar bakin jaka. Ya ce zare ne ya yi tauri, ya murza wani abu hagu. Ɗinki ya saki har Tomeko ta zura yatsu uku ta ciki ta ɗaga masa hannu. Ya ce to ashe wuƙa ce, ya sauke wuƙa. Wuƙa ta shiga cin safa da gaske, safar ƙattan maza ta riƙa fitowa daidai ƙafar ɗan firamare. Ya ɗaga ɗaya ya juya ta, ya ce dama ya daɗe yana gaya wa Baba kasuwar yara ta fi riba.

Da la'asar ya kalli wani bidiyo a waya, na wani keke daban da ba shi da alaƙa da nasu, ya yanke hukunci cewa gudu ne ya yi kaɗan. Ya ƙara gudu, ya ce wa Tomeko ko me ta gani kada ta tsaya, gwaji ne. A wajen taɓe-taɓensa ya goce 'yar wuƙar da ke yanke zare tsakanin safa da safa. Hannun Tomeko ya saba, sai zuba safa take yi, su kuma suna fitowa a sarƙe, wannan riƙe da wannan. Noboru ya tara hannu, hannu ya cika. Ya rataya a wuya, wuya ya cika. Ya shiga ja da baya yana neman inda zai sa, ya fita ɗaki, ya bi soro, sai ga shi a tsakiyar titi da igiyar safa wadda ta fi taku ashirin.

Daidai lokacin Inui mai awara ya shawo kwana a kan babur ɗinsa yana busa ƙaho. Inui abokin zamansa ne a gidan wanka, kuma duk abin da ya gani da la'asar, kafin magariba ya kai shi gida arba'in tare da awara. Ya taka birki ya tambaya ko gidan Deguchi ne aka ba kwangilar tutocin biki bana.

Noboru ya gyara tsayuwa ya ce sabon salo ne, daga yau ba wanda safarsa za ta sake ɓata ƙafa ɗaya a wajen wanki.

Inui ya ce, "Madalla. Saura ku nemo mai ƙafa arba'in ya saya."

Matan unguwa suka leƙo ta taga. Wata ta ce kai, gidan Deguchi an ci gaba. Wata ta ce ita dai tana tausayin tsohon da ke kwance da ido a rufe. Noboru ya rusuna musu ɗaya bayan ɗaya da safa a wuya, ya koma ciki yana naɗewa.

Kashegari kafin hantsi allurar gidan ta ƙare kakaf. Noboru ya sa rigarsa mai suna ya shiga bin gidajen safa na unguwa, yana cewa bincike yake yi, yana gwada ingancin allurar kowane gida, a ba shi goma-goma zai kawo sakamako. Kowa ya ba shi, kowa ya rako shi har ƙofa da fuska a ɗaure, yana juya baya a fashe da dariya. Ya dawo ya ci gaba da binciken, kuma gaskiya bai nuna bambanci ba, ta kowane gida ya karya ta.

Sai da gwangwanin Tomeko ya cika ya tuna da ranar hutun allura. Ran nan kowane gida ke kai karyayyun allurarsa na shekara ɗakin ibada, a soke su cikin awara mai laushi, don su da suka ƙare rayuwarsu suna huda abu mai tauri su huta a wuri mai taushi, a yi musu addu'a a gode musu. Kowa kuma yana kallon abin da kowa ya kawo. Shekara da shekaru tsoho Sokichi ke zuwa da 'yan shida ko bakwai a tafin hannu, ya soke su yana kallon rufi kamar ba komai.

Ya ce wa Tomeko a zuba su a shara. Ta rungume gwangwani ta ce sai dai ya zuba har da ita. Ta kuma tuna masa cewa ledar shara fara ce ƙal, da sunan gida a jiki, kuma wannan makon matar mai aski ce ke duba ledoji. Ya ce to a binne su a bayan gida. Ta ce a cikin lambun tsoho, ya zo cirar kayan miya da ido ɗaya ya soke hannu? Noboru ya zauna a kan akwatinsa mai ƙarafa ɗari da ashirin, ya yi tagumi. Can sai ya buga cinya. Ya ce ai ba dole sai a ɗakin ibada ba, shi zai yi musu nasu bikin a gida, na musamman, ba hayaniya.

Ya tare Inui ya sayi awara biyu, masu tauri. Da yamma ya sake tare shi ya sayi biyu. Inui ya tambaya ko baƙi aka yi. Ya ce a'a, likita ne ya ce ya rage nama. Ya kulle kansa a ɗakin baya ya soke gutsattsarin nan ɗaya bayan ɗaya, ya tafa hannu sau biyu, ya karanto abin da ya iya tunawa na addu'a, wanda rabinsa daga tallan talabijin ya samo shi. Ya tura su can cikin ƙaramin firjin ɗakin, bayan gorar shayin Tomeko.

A rana ta uku ya ƙara awara ɗaya. Da la'asar ya kwance ƙugiyar ƙasa gaba ɗaya don ya ga abin da ke damunta, ya mayar, kusa biyu suka yi saura a tafin hannunsa. Aka taka, keke ya yi wani nishi, ya tsaya cak. Aka sake takawa, ko motsi. Tomeko ta naɗe hannu ta ce to, ƙis-ƙis dai ya daina. Noboru ya ɗauko mayafi ya lulluɓe shi, ya ce hutawa yake yi, ƙarfe ma yana son hutu bayan babban gyara.

Harue ta dawo daga asibiti da magariba ta tambaye shi keke. Ya ce ya yi shiru kamar sabo. Ta dubi yatsunsa, bakwai da filasta. Ta san mijinta sarai, ta san bakinsa ya fi hannunsa, ta kuma san abin da ke cin sa tun ranar da ubanta ya ce babu kowa, don haka tausayinsa ya fi haushinsa yawa a ranta.

"Maigida, ka gaya masa da bakinka kafin gari ya gaya masa."

Ya ce saura ɗan saiti biyu kacal. Ya kuma sanar da ita, don ta kwantar da hankalinta, cewa ya riga ya bugo wa shugaban ƙungiyar masu safa ya karɓi jawabin da Baba ya saba yi a wajen biki, tun da Baba ba shi da lafiya. Lissafinsa shi ne in tsoho ya ji shi yana magana kan keke a gaban jama'a, ya ga yadda ake tafa masa, zai fasa kiran dillali, sauran kuma a san yadda za a yi daga baya. Harue ta girgiza kai ta tafi ɗora shinkafa.

Ranar biki ɗakin ibada ya cika tun da hantsi. Takalma jere a ƙofa, kowa durƙushe a kan tabarma cikin safarsa mafi kyau, don a taron masu safa ƙafa ake fara kallo kafin fuska. Ga ƙatuwar awarar da Inui ya yi a kan teburi gaban malamin ibada. Tasi ta sauke tsoho Sokichi kai tsaye daga asibiti, ido ɗaya a liƙe da auduga, Harue na riƙe da hannunsa. Aka ba shi wuri a sahun gaba.

Gida-gida aka tashi aka soke allura. Da aka zo kan gidan Deguchi Noboru ya miƙe, ya buɗe wani ɗan akwati mai kyau, ya ɗaga shi sama kowa ya gani. Guda shida ne, waɗanda aka karya tun daga Janairu kafin ya sa hannu. Ya soke su a hankali, ya karɓi abin magana, ya gyara murya.

Ya ce keke kunne yake so, ba ƙarfi ba. Ya ce duk wanda ka ga yana yawan karya allura to bai san darajar ƙarfe ba ne, kuma abin takaici matasan yanzu daga sun ga kusa sai su hau ɗaurewa. Mutanen da ya bi gidajensu shekaranjiya suka sunkuyar da kai, kafaɗunsu na rawa. Ya ɗauka jawabin ne ya ratsa su, sai ya ƙara ƙaimi. Yana cikin bayanin yadda a kwana ukun nan ya gano wani sirri a jikin keken gidansu wanda ko masu ƙera shi ba su sani ba, sai aka ji ƙiiƙ, ƙiiƙ daga waje. Kowa a Koryo ya san kukan tayar keken cefanen Goggo Tomeko.

Ta cire takalmi ta jera su. Ta shigo da babban faranti lulluɓe da farin ƙyalle, ta ratsa tsakiyar jama'a da 'yan ƙananan takunta, ta durƙusa gaban malami ta ajiye.

"A gafarce ni, Malam. Waɗannan ma sun yi aiki, ko da na minti ɗaya ne. Ba zan iya bari a bar su a firji ba."

Ta yaye ƙyalle. Awara biyar, kowace ta yi ƙaya kamar bushiya, ba ka ganin farin jikinta sai tsini. Ta ƙarshen ma ba ta jure ba, a gaban kowa ta tsage biyu ta zube.

Sai wata mata daga baya ta miƙa wuya ta ce waɗancan masu jan gindin nasu ne, ta gane su. Wani ya ce masu ruwan gwal ɗin kuma na gidansa ne, ina sakamakon bincike? Inui ya ce shi dai yana roƙon a ba shi sunan likitan nan, don ya san asibitin da ba zai je ba. Daga nan dariya ta ɓalle, har malamin ibada sai da ya ɗaga hannun riga ya rufe fuska. Noboru na tsaye da abin magana a hannu, kunnuwansa sun yi ja.

Tsoho Sokichi ya dafa kafaɗar 'yarsa ya tashi. Ya je gaban farantin ya sunkuya, ya dube shi da idon da ya rage, ya shafa tsinin da yatsa. Dariya ta mutu. Ya juyo cikin ladabin nan nasa ya tambayi Malam Noboru me da me ya taɓa.

Ƙarya ta ƙare wa Noboru, sai ya shiga lissafi da ƙaramar murya. Ya ce soso. Tsoho ya gyaɗa kai. Ya ce roba, da wuƙa, da ƙugiya. Tsoho ya lumshe ido. Ya ce da takardar ƙarƙashin ƙafa. Tsoho ya matso taku ɗaya. Ya ce sai wata 'yar kusa kusa da allura da ya ga ta yi sako-sako, ya ɗaure ta.

"Kai, Noboru! Sakarai!"

Sai da tsuntsayen rufin ɗakin suka tashi. Tsoho ya shiga surfa masa, ba ji ba gani, ya manta da malami, ya manta da likitan da ya ce kada ya yi ihu. Ya ce sakarai, wannan kusar rubu'in murɗi ya bar mata tun kafin a haifi Harue, don ƙarfe in ya ɗau zafi buɗewa yake yi, in ba ta da wurin numfashi dole allura ta daki ƙugiya. Ya ce takardar nan tun shekarar babbar girgizar ƙasa take wurin, da daɓen ɗakin ya sauka ta kusurwa ɗaya, ninki takwas ce, ba bakwai ba, ba tara ba, sakarai. Soson kuwa ɗigon mai yake shafa wa zare don kada ya yi gashi lokacin sanyi. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya, kowane da dalilinsa da shekarar da aka sa shi, kowane da zaginsa a ƙarshe. Masu gidajen safa suka daina dariya suka kasa kunne, wani ma a ɓoye ya zaro biro. Tomeko ta raɗa wa Harue cewa shekara talatin da biyar tana tambayarsa amfanin robar nan bai taɓa gaya mata ba.

Da numfashi ya ƙare masa ya juya wajen 'yarsa ya ce ta bugo wa mutumin Osaka kada ya wahalar da kansa, wa zai sayi gawa? Ko da zai saya ma, keken da ya ciyar da gidan Deguchi shekara hamsin ba zai fita ƙofa a wannan hali ba, ana nuna shi ana dariya. Sai an tashe shi, ko da zai kai su bazara.

Harue ta ce a hankali, "Baba, da wane idon?"

Tsoho ya juya ya nuna Noboru da yatsa.

"Da na wannan sakaran. Ido dai yana da shi, ba abin da ya taɓa yi da shi. Gobe ƙarfe shida ka same ni a ɗakin baya. Za ka riƙe tocila, ka duba, ka faɗa mini abin da ka gani. Hannunka na hagu kuma ka sa shi a aljihu. Ka taɓa kusa ɗaya kafin shekara uku, in karya maka yatsun da suka rage."

Noboru ya zube a kan tabarma ya kai goshi ƙasa. Ya daɗe a haka, bayansa na girgiza. Wasu suka ɗauka kunya ce ta sa shi kuka, amma Harue ta san na murna ne, ita ma sai da ta share ido. Malami ya yi gyaran murya ya ci gaba da addu'a, ya haɗa har da na farantin, aka daɗe ba a gama ba.

A bakin ƙofa wajen sa takalmi, Noboru ya riga ya warware. Ido jawur, hanci na zuba, amma ƙirji ya dawo gaba. Yana gaya wa na kusa da shi cewa dama dabara ce, ya san in ba a kwance keken nan gaba ɗaya ba Baba ba zai taɓa buɗe baki ya fitar da ilimin da ke cikinsa ba, su gode masa, yau duk garin ya ƙaru.

Inui ya dafa shi ya ce, "Deguchi, kai ko kunya. A gaban gari kaf mutumin nan ya ce maka sakarai sau shida."

Noboru ya tsaya da takalmi ɗaya a hannu. Ya waiwaya wajen tsohon, wanda Harue ke taimaka wa saukowa daga matakala yana ta masifar a sake shi.

"Bakwai," ya ce. "Ka ƙirga da kyau, sau bakwai ne."